Yadda Ake Haɗa Kujerar Shan Iska

Ba sai kai kafinta ba ne kafin ka haɗa kujerar da za ka zauna a tsakar gida ko ƙofar gida da yamma. Mutum mai sana'arsa daban zai iya yin ta a ranakun hutunsa, in yana da zarto, guduma, tef na awo, sikwaya, sanfefa da abin huda katako. Amma kujerar waje ba kamar ta ɗaki ba ce. Rana tana dukanta, ruwa yana dukanta, gara kuma tana jira a ƙasa.

Aikin yana farawa ne tun a kasuwa. In ka shiga wurin masu katako, kamar 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, za a nuna maka iri-iri. Farin katako mara nauyi, irin obece, yana da araha da daɗin yanka, amma na cikin ɗaki ne. Damina ɗaya ko biyu ta ishe shi. Nemi maɗaci ko iroko. In aljihu bai kai ba, darbejiya ma tana yi, don ƙwari ba su cika son ta ba. Ƙirya ta fi su duka ƙarko, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, sai dai tana cin bakin zarto, kuma sabon hannu zai sha wuya.

Kowane iri ka zaɓa, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana da nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, kuma garinsa yana manne wa zarto. In ka yi kujera da shi, zai tsuke idan ya bushe, mahaɗa ta saki, kujera ta fara rawa. In ɗanye kaɗai ka samu, jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ka ba shi makonni. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga kowane katako ka kanne ido ɗaya, ka duba shi daga kai zuwa kai. Wanda ya karkace ko ya tsage, mayar da shi.

Daɗin zama kuwa daga awo yake. Kujerar cin abinci tana kai inci 18 daga ƙasa. Ta hutawa ta fi daɗi a inci 16. Ka zauna a kan benci ka sa a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka, kada mazauni ya wuce wannan. Faɗinsa ya zama inci 20, zurfinsa inci 18. In zurfi ya yi yawa, bakin katako zai danne bayan gwiwa, ƙafa ta yi sanyi. Bayan mazauni ya sauka ƙasa da gabansa da inci ɗaya, don kada mutum ya riƙa zamewa. Majingina kuma ta kwanta baya da inci 3 a kowane inci 12 na tsawonta. Miƙaƙƙiyar majingina ita ke sa baƙo ya yi sallama da wuri.

A Amurka akwai wata kujerar waje da ta yi suna, ana ce mata Adirondack. Wani mai suna Thomas Lee ne ya fara ƙera irinta wajen 1903. Tana da faffaɗan hannu da mutum zai ɗora kofin shayi, kuma wannan abin koyi ne. Amma mazauninta ya yi ƙasa ƙwarai, ya kuma zurma baya. Dattijo mai ciwon gwiwa in ya shiga, sai an miƙa masa hannu. Mu ɗauki hannun, mu bar zurmin.

Yanzu lissafin yanka. Ana sayar da katako mai tsawon ƙafa 12, wato inci 144. Daga katakon da ake kira tu-bai-tiri guda ɗaya ka yanke ƙafafu huɗu, kowace inci 24. Sun ci inci 96, saura 48. Daga ragowar ka fitar da sandunan gefe biyu masu inci 22. Katako na biyu zai ba ka sandar gaba da ta baya, da sanduna biyu na majingina masu inci 28. Falanki kuma a tsaga maka shi siri-siri, faɗin inci 3, don shimfiɗar mazauni da majingina, a bar guda biyu masu faɗin inci 5 don hannuwa.

Fara da gefe ɗaya: ƙafar gaba, ƙafar baya, sandar da ta haɗa su, sai hannu a sama. Haɗa gefe na biyu, ka ɗora shi a kan na farko ka ga sun yi daidai, sannan ka haɗa su da sandar gaba da ta baya.

A nan ne yawancin kujeru suke mutuwa, a mahaɗar ƙafar baya da sandar gefe. Duk lokacin da mutum ya jingina, nauyinsa can yake tafiya. Ƙusa zalla ba ta riƙe wannan wuri, kullum tana ɗan zarewa har ta fita. Ka fafe gurbi a jikin ƙafar, zurfin rabin inci, yadda sandar za ta zauna ciki daram. Katako ne zai ɗauki nauyi ke nan, ƙarfe kuwa riƙewa kawai zai yi. Shafa gam wanda ruwa ba ya narkarwa, ka huda, ka zura ƙusa mai noti, ka sa washa ta kowane ɓangare, ka ɗaure. Ita kuma sandar majingina, ɗaure gindinta a sandar gefe, ka sake ɗaure ta a saman ƙafar baya. Sun yi kusurwa uku ke nan, kuma kusurwa uku ba ta lanƙwasa.

Wajen shimfiɗa, yi amfani da sukuru wanda ba ya tsatsa. Huda rami tukuna, in ba haka ba maɗaci zai tsage a baki. Bar tazara tsakanin katako da katako, kaurin fensir ya isa, don ruwan sama ya zube. Goge ko'ina da sanfefa, ka kashe kaifin gefuna, musamman bakin mazauni da hannuwa, kada su yagi riga.

Saura fenti. Mutane suna shafe sama su manta da tafin ƙafafu, alhali ta nan katako yake shan ruwa kamar rake. Kifa kujerar, ka shafa wa tafin ƙafafun fentin mai sau uku, sauran jiki sau biyu, kana barin kowane shafi ya bushe. Guntun tsohuwar taya da aka buga a ƙarƙashin kowace ƙafa yana raba ta da danshin ƙasa. Kada a bar ta wuri guda a kan turɓaya wata da watanni, don gara tana son abin da ba ya motsi. Idan hunturu ya shigo katako zai ɗan tsuke, sai ka ɗauko sifana ka ƙara ɗaure notunan.