DARASI: Halartar da Hankali da Zaman Aure



'Yan uwa, yawancin rigimar ma'aurata ba da babban laifi take farawa ba. Matar tana magana, maigida yana danna waya, jikinsa a ɗaki hankalinsa a kasuwa. Ya ji rabin zancen, ya amsa da zafi, shi ke nan an kwana ba a magana. Shin ana iya koya wa mutum ya tara hankalinsa wuri ɗaya? A Amurka an gwada.

A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya fara wani shiri a asibitin Jami'ar Masachusets domin masu fama da ciwo da damuwa. Sati 8 ake yi, a haɗu rukuni sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, a gida kuma kowa ya ware kamar minti 45 kullum. Aikin shi ne ka zauna ka lura da numfashinka da abin da jikinka ke ji. In tunani ya ɗauke ka, ka dawo ba tare da ka tsangwami kanka ba.

A 2004 James Carson da abokan aikinsa a Jami'ar Karolina ta Arewa suka fitar da sakamakon gwada wannan tsari a kan gidaje 44. An raba su biyu: rabi suka shiga horon, rabi suka jira. An ƙara musu da koyon sauraron juna da yi wa juna fatan alheri. Waɗanda aka horar sun fi samun gamsuwa da zamansu, da kusanci, da karɓar abokin zama yadda yake, damuwarsu kuma ta ragu. Bayan wata 3 aka duba, amfanin yana nan. Kuma wanda ya fi dagewa da aikin a gida shi ya fi amfana.

Me ya sa? Saboda tsakanin jin magana da mayar da martani akwai ɗan taƙi. Wanda ya saba lura da kansa yana jin fushin tun yana tasowa, ƙirji ya ɗau zafi, murya ta fara hawa, sai ya dakata kafin harshe ya furta abin da ba ya dawowa. Saki nawa aka yi a cikin wannan ɗan taƙin?

Sai a kula da abu biyu. Na farko, waɗanda aka gwada mutane ne da ke zaman lafiya tun asali. Gidan da ake duka ko tauye haƙƙi, numfashi ba zai gyara shi ba, sai an cire zaluncin, magabata su shiga. Na biyu, tushen wannan horo daga addinin Buddha yake, duk da an raba shi da ibadarsu. Abin da ya taɓa aƙida ba namu ba ne. Amma halartar da zuciya ba baƙo ba ne gare mu: shi muke nema a khushu'in sallah, kuma Sunnah ta koyar da mai fushi ya yi shiru, ya zauna, ya yi alwala.

To ga aikin gida. Daren yau ka kife wayarka minti 10, ka saurari iyalinka har ta gama, kar ka katse ta, kar ka riƙa shirya amsa a ranka. Ke ma haka, 'yar uwa. Gobe a sake, don dagewa ce ke da amfani.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya. Wallahu a'alam.