Ciwon Damuwa da Ƙaryar da Yake Yi Wa Mai Shi

Ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da aka keɓe a duniya domin lafiyar ƙwaƙwalwa. Dalilin wannan takarda ke nan, domin jama'ar Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, su san wata cuta da ke zaune a gidajensu ba su gane ta ba. Likitoci na kiranta ciwon damuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 280 ne ke fama da ita. Ɓacin ran kwana biyu na wanda ya yi asara a kasuwa daban ne. Wannan ciwo kuwa sai ya kai mako biyu ko fiye yana danne mutum, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, abin da yake jin daɗinsa a da ya daina burge shi.

Babbar ɓarnar cutar a tunani take. Wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya lura tun shekarun 1960 cewa marasa lafiyarsa suna kallon abu uku da mugun ido: kansu, duniyar da suke ciki, da kuma gobensu. Ku dubi mace mai tankaɗe. Rariya aikinta ta bar gari ya sauka a ƙwarya, tsaki ya tsaya sama. To, a ce wata ta gama tankaɗe, ta kwashe garin nan mai laushi ta watsa wa kaji, ta zuba tsakin a tukunya, ta tuƙa, ta ci, ta yi ta kuka wai hatsin gidansu ba shi da albarka. Hatsin lafiyarsa lau, zaɓen ne ya karkace. Haka zuciyar mai wannan ciwo take yi. Mutum goma su yaba masa, ɗaya ya haɗe fuska, fuskar nan ɗaya zai kwana da ita. Ɗalibi ya ci darussa bakwai ya faɗi ɗaya, ya ce shi daƙiƙi ne. In alheri ya same shi, ya ce dace ne kawai. In abu ya ɓaci, ya ce laifinsa ne, kuma haka zai dawwama. Ko tuna baya ya zo yi, ranakun kunya ne ke fara zuwa.

Daga nan haɗarin da ya fi tayar wa hukuma da malamai hankali yake tasowa, wato mutum ya kashe kansa. Tafiyar a hankali take. Yau "ba ni da amfani", gobe "na zame muku kaya", jibi "da ba na nan da kun huta". Ya ku iyaye, ya ku mazaje, duk wanda ya ji wannan magana a gidansa ya ce shagwaɓa ce, ko ya buge da "ba ka da tawakkali", ya sani ya ƙara wa mai ciwo wata hujja a kan kansa. Yanzu zai ce har Allah ma fushi yake da shi. Irin wannan amsa taku sakaci ce, kuma za a tambaye ku amanar da aka ba ku. Kashe kai haramun ne, babu malamin da ya yi saɓani. Amma baƙin ciki bai zama rashin imani ba. Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu kuwa sunanta Shekarar Baƙin Ciki. Ku zauna da mai ciwon, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Sauran illolin sanannu ne: shan ƙwaya don neman mantuwa, barin makaranta, mutuwar aure, mai jego ta kasa kula da jaririnta.

Magani akwai. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da likitocin wannan fanni, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, don haka a daina jin kunyar wai za a ce ɗan gidan wane ya taɓu. Likita kan haɗa magani da zaman tattaunawa, inda ake koya wa mutum ya tuhumi tunaninsa, ya nemi shaida kafin ya yanke wa kansa hukunci. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a yar da shi a kwana biyar. A ci gaba da addu'a, a kuma riƙa komawa asibiti ranar da likita ya sa.