FILIN MANOMA: In Zaren Ƙusar Inji Ya Cinye

Jama'a, makon nan ba maganar iri ko taki za mu yi ba, maganar ƙusa ce, watau ƙusar nan mai zare da ake ɗaure inji da ita, wadda yawancinmu ke ce wa noti. Abin da ya jawo ta kuwa, ranin da ya wuce na je duba lambun wani manomi a fadama, na tarar tumatirinsa ya kwana uku bai sha ruwa ba. Injin ban ruwansa lafiya lau, sai dai ramin fulogi ya cinye. Ko an ɗaura fulogi, da an ja igiya sai ya yi tsalle ya fito. Irin wannan ke samun mai motar da ke kwashe mana kaya zuwa kasuwa, don injin mota da na famfo da na tarakta duk hali ɗaya gare su.

Ga dalili. Ƙusa da ƙarfe mai tauri ake yin ta, amma kan injin yawancin motocin yanzu, da jikin ƙananan injinan fetur, da alminiyom ake zuba su, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa. Shi kuwa taushi gare shi. In aka matsa fiye da kima ba ƙusa ce za ta ji jiki ba, zaren cikin rami ne zai tsinke ya biyo ta. Kowa ya san lokacin: kana cikin ɗaurewa da ƙarfi, sai ka ji sifana ta yi laushi a hannunka. To, ɓarna ta riga ta auku. Masu zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi su suka fi kowa yin wannan.

Akwai kuma sa ƙusa a karkace, da kwance fulogi inji na da zafi, da sa ƙusar da ba tasa ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ruɗa mutane. Tsofaffin taraktocin Ingila da Amurka zarensu na awon inci ne, injinan Japan kuwa na milimita. Ƙusa mai kaurin 5/16 na inci da mai milimita 8 ido ba ya rarrabe su, amma tazarar zarensu dabam. Za ta shiga juyi biyu ko uku, sa'an nan ta cije. Wanda bai sani ba sai ya ce tsatsa ce, ya kama ta da sifana, ya nike ramin. Saboda haka kullum fara ɗaurewa da yatsu. Ƙusar da ta ƙi shiga da yatsu kada ka tilasta mata.

Fulogi kuwa, ka kai shi da hannu har ya zauna. In sabo ne ƙara rabin juyi da sifana, in tsoho ne kwatan juyi ya isa, kada ka wuce.

To, in ya riga ya cinye fa? Da fari haska ramin ka duba. In zaren bakin rami kaɗai ya lalace, na ƙasa yana nan, sai a bi shi a hankali da ƙarfen yanka zare, wanda makanikai ke kira tap, mai awo daidai da na ramin. Wani lokaci ramin ya fi ƙusa zurfi, sai a sa wadda ta ɗan fi tsawo ta kama lafiyayyen zaren da ke ƙasa. Amma auna zurfin tukuna da tsinke. In ƙusa ta dungure ƙasan rami, ko ta tarar da mai a kwance ciki, tana iya tsaga jikin injin, abin ya fi na da muni.

In zare ya tafi duka, hanya biyu ce. Ko dai a buɗa ramin a yanka sabon zare na ƙusa mafi kauri, misali mai milimita 8 ta koma 10, wadda ake huda mata rami na milimita 8.5. Wannan ya fi araha, amma sai in akwai isasshen nama a gefen ramin, sa'an nan kuma ka bar wa makanikin gobe ƙusa ɗaya da ta saɓa da 'yan'uwanta.

Ko kuwa a sa wayar zare, ni ita na fi so. Wata 'yar waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe kamar sifirin, an fi sanin ta da sunan Heli-Coil. Ana sayar da ita tare da nata tap da abin zura ta. Ga ƙusa mai milimita 8, sai a huda ramin da milimita 8.3, a miƙe sak. A yanka zare da tap ɗin nan, ana ɗiga mai, in an yi juyi ɗaya a koma baya kaɗan don tsakin ƙarfe ya karye. A share ramin tas. A murɗa wayar ciki har ta nutse ƙasa da baki kamar rabin juyi, kana a karye ɗan harshen da ke gindinta, a fitar. Ƙusar asali za ta koma wurinta, kuma a alminiyom sau da yawa gyaran ya fi zaren fari ƙarko. Wurin huda nan ake kuskure. Rami in ya karkace ba shi da magani, don haka wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa wanda ya saba.

Ramin fulogi yana da nasa kayan gyara, yawanci na milimita 14. Mafi kyau a sauke kan injin. In ba hali, a cika tsagin tap da giris don ya riƙe tsakin ƙarfe, ana fitarwa ana gogewa, kada ya zuba cikin silinda ya kankare ta. Haka muka yi wa injin mutumin nan, kafin la'asar ruwa ya shiga fangalinsa.

Naɗa wa ƙusa leda ko zaren ɗinki ko cika rami da gam, waɗannan dabarun isa gida ne kawai. Ina jan kunnen masu mota musamman a kan ƙusar tsiyaye baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. In ta kwance a hanya mai zai zube direba bai sani ba, inji ya buga, albasa ko tumatir su ruɓe a bakin titi. Ƙusoshin da ke riƙe da kan inji kuma, su ba aikin gindin bishiya ba ne. A kai su gareji inda akwai injin huda na tsaye da sifana mai awo, a ɗaure su bi da bi bisa adadin da littafin injin ya faɗa.