Darasi na Goma Sha Biyu: Tudun Arderin

Ɗalibi, ɗauki taswirar tsibirin Ayilan ka duba. Za ka ga manyan duwatsun ƙasar sun fi yawa a kusa da teku, tsakiyarta kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe. A cikin wannan fili ne jerin tuddan Slieve Bloom suke, a kan iyakar gundumomin Laois da Offaly. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Arderin.

Ma'anar sunan a harshen mutanen ƙasar ita ce "ƙololuwar Ayilan". Sai dai sunan ya fi tudun girma, domin tsawonsa mita 527 ne kacal, alhali Carrauntoohil, dutsen da ya fi kowanne tsawo a tsibirin, ya zarce mita 1,000. Masu yawon buɗe ido sun fi tururuwa zuwa irin waɗancan duwatsu, suka bar Arderin shiru.

Kada gajartarsa ta yaudare ka. Wahalar hawansa a ƙarƙashin ƙafa take. Saman tudun dausayi ne na baƙar ƙasa mai laushi, wadda ta samu daga tsire-tsiren da suka daɗe suna ruɓewa cikin ruwa. Tana riƙe ruwan sama kamar soso. Wurin da ka ga kore shar, ka zaci sansani ne mai kyau na taka ƙafa, sau da yawa nan ne za ka nutse har gwiwa. Ga kuma hazo, wanda kan sauko ba sallama. Idan ya rufe, gabas da yamma duk ɗaya suke a idonka, don babu wata alama da za ka riƙe. Saboda haka mai hankali ba ya hawa sai da taswira, da takalmin da ruwa ba ya shiga, kuma sai ya gaya wa wani inda ya nufa.

Ruwan da wannan dausayi yake tarawa ba ya tafiya a banza. Kogin Barrow, na biyu a tsawo a Ayilan bayan Shannon, daga tuddan nan ya faro. Akwai kuma wani irin shaho da yake yin sheƙarsa a ƙasa cikin ciyayi, shi ya sa ba a son matafiyi ya saki karensa a nan.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka ce sunan Arderin ya fi tudun girma?
2. Bayyana ma'anar "dausayi" da "ba sallama", ka sa kowanne cikin jimla.