Teburin Tsuntsaye Da Tattabarun Maigadi

Edita ya nemi in rubuta wani abu a kan darasin nazarin halitta, don amfanin ɗalibanmu da za su fita koyon koyarwa. Na duba na ga babu abin da ya fi in ba da labarin teburin tsuntsayen da muka kafa bayan ɗakin karatu, da wahalar da muka sha da tattabaru, gama duk wanda ya kafa irinsa a makarantarsa lalle sai ya gamu da su.

Asalin abin al'adar mutanen Ingila ce. In sanyi ya yi tsanani, ƙasa ta daskare, sai mutum ya kafa ɗan katako a lambun gidansa, ko ya rataya wani mazubi mai huda, ya zuba hatsi don ƙananan tsuntsayen daji. Suna da ƙungiyar kare tsuntsaye, RSPB, wadda aka kafa a 1889, kuma tun 1979 ta kan sa jama'a su zauna awa ɗaya cikin watan Janairu su ƙidaya tsuntsayen da suka sauka lambunsu. Da yara aka fara wannan ƙidaya. Su ma kukansu ɗaya da namu, watau wata ƙatuwar tattabarar daji da su ke da ita, wadda ta ke cinye rabon kowa.

Mu nan ba sanyi ke matsa wa tsuntsaye ba, rani ne. Daga Janairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, an ƙone daji, ruwa ya yi wuya. A lokacin nan in ka zuba gero ka ajiye kaskon ruwa, tsuntsu zai zo har gaban aji. Yaro kuwa in ya ga tsuntsu da idonsa minti biyar, ya fi ka zana masa shi a allo sau goma.

Satin farko abin sai wanda ya gani. Baiwar Allah ta zo, 'yar jar nan da ke shiga har tsakar gida. Asisi ya zo da shuɗin ƙirjinsa, namijin da ɗigon ja a kumatu. Ga gwara, ga kanari. Na ba ɗalibai littafi suna rubuta abin da suka gani kowace safiya. Ran Litinin ta biyu sai ga tattabaru biyu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Kafin Jumma'a sun zama goma sha biyu, har da hasbiya daga rufin ɗakin taro. Na buɗe littafin ɗalibai, shafi guda babu kome sai tattabara, tattabara, tattabara.

Ku lura, tattabara ba dukan ƙananan tsuntsaye ta ke yi ba. Girma da ci kawai ta fi su. Nauyinta ya kai giram 300, na baiwar Allah kuwa da ƙyar ya ke kai giram 10. A yini ɗaya tattabara ta kan ci wajen giram 30 na hatsi, watau nauyin baiwar Allah uku ke nan. Tana kuma da wata 'yar jaka a wuya inda ta ke tara hatsi, don haka ba ta tsayawa ɓare ƙwaya kamar yadda kanari ke yi, haɗiya kawai ta ke. Abin da zai ishi ƙananan yini guda, su minti goma sun share shi.

Muka fara da kora. Muka kafa mutum-mutumi, muka rataya tsummoki da gwangwanaye. Duk wannan ya kori tsuntsaye ƙwarai, amma ƙananan ya kora. Tattabara ta saba da mutum da tarkacensa, kwana biyu sai ga ta zaune bisa kan mutum-mutumin. Daga nan wani ɗalibi, ba da sanina ba, ya zo da danƙo ya harbi ɗaya ya karya mata fiffike. Ashe tattabarun maigadinmu ne, dattijo, da su ya ke samun ɗan kuɗin cefane in wata ya yi nisa. Da la'asar sai ga shi ƙofar gidana da tattabarar a hannu. Kunya ta kama ni, don ni na jawo su da gerona. Na ba shi haƙuri, na biya.

Da zai tafi sai ya juyo ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa ganin yadda mata ke ba 'yan tsaki abinci ba?"

Na ce, "Na gani mana, Baba."

Ya ce, "To, ai kwando su ke kifawa. Ɗan tsako ya shiga ta rami ya ci, kaza ta tsaya waje tana kallo."

Darasin ke nan duka, kuma da na sa ɗalibai sun dubi jikin tattabara da kyau tun farko, da mun gano shi da kanmu. Abu uku za a duba: ƙirjinta, da wuyanta, da ƙafarta.

Ƙirji shi ne babba. Tattabara ba ta iya matse kafaɗunta ta bi ramin da bai wuce inci 2 ba, watau santimita 5. Muka sami ragar waya irin ta akurkin kaji, muka ɗaura ta jikin firam na katako mai faɗin ƙafa 3 kowane gefe, tsayi ƙafa ɗaya da rabi, muka kifa bisa abincin. Tattabara da hasbiya suka tsaya waje. Kurciya dai da ya ke ta fi su sirantaka, wani lokaci ta kan matsa ta shiga, sai da muka sake raga mai ramin inci ɗaya da rabi. Wanda bai sami waya ba, ya kai wa masaƙin kwando awon, ya saƙa masa da gora ko kara. Amma fa a lanƙwashe bakin waya duk inda aka yanke, kada ya tsaga ɗan tsuntsu.

Wuya shi ya ba mu kunya a rana ta farko. Mun ajiye faranti kusa da raga, sai suka zura kai suka cinye. A sa abinci a tsakiya, tsakaninsa da raga ya zama aƙalla taƙi guda ta kowane gefe.

Ƙafa kuwa, tattabara tsuntsuwar daɓe ce, sai ta sami wuri shimfiɗaɗɗe ta ke iya tsayawa ta ci. Shi ya sa Turawa ke rataya mazubi mai ɗan gajeren tsinke wanda ba ta iya kamawa. Na gwada wannan da gora. Kanari da gwara sun hau, amma baiwar Allah da asisi ko kallonsa ba su yi ba, don su a ƙasa su ke tsintar 'ya'yan ciyawa. Saboda haka a ganina kwandon ƙasa ya fi dacewa da tsuntsayenmu.

Muka kuma daina zuba dawa da masara, muka koma acca da tsakin gero, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare kafin rana ta faɗi, don kada ɓera ya mai da wurin gidansa. Kwandon kuwa muka ajiye shi kamar taki uku daga wani kurmin lalle. In shaho ya kawo sura sai su faɗa ciki, kyanwa kuma ba ta da wurin laɓewa kusa.

Akwai wani dalili da ya fi batun ci nauyi, shi ne cuta. Tattabaru da kurciyoyi su kan ɗauki wata ƙwayar cuta da ke zama a baki da maƙogwaro. Masu kiwo sun san ta, ita ce ke sa wani abu rawaya-rawaya ya toshe maƙogwaron ɗan shila. Tsuntsu in ya kamu ba ya iya haɗiya, sai ya furzar da ƙwayar hatsi, wani ya zo ya tsince. A 2005 aka fara ganin cutar nan jikin ƙananan tsuntsayen lambu a Ingila. Wani kore, dangin kanari, wanda da ke ko'ina, ya ragu har a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Wurin cin da mutane suka kafa don taimako, nan cutar ta fi yaɗuwa. Ba ta kama mutum, kuma ba ta jure bushewa, rana kuwa Allah ya ba mu. A wanke faranti kowane sati a shanya shi ya bushe sarai, a sake ruwa kullum, kaskon ruwan ma ya zauna cikin kwando. In aka ga tsuntsu ya kumbura gashi yana ta ƙoƙarin haɗiya, a ɗauke kome har sati biyu ko fiye.

In kun je makarantunku, kada ku faɗa wa yara awon ramin. Ku aro tattabara wurin mai ita, ku yanke ramuka iri-iri jikin kwali, su gwada da hannunsu a hankali, su faɗa muku wanda ba ta bi. Mu Baba maigadi ne ya ara mana, kuma wadda aka karya wa fiffiken nan ya kawo, ta warke. Yanzu kowace safiya na kan aika masa da ɗan gwangwanin dawa ya watsa musu can bayan ɗakinsa, nesa da kwandon. Littafin ɗalibai na watan jiya yana da tsuntsu iri bakwai.