Darasi: Ƙaramar uwa da hanyar gidan likita

Ƴan uwa masu karatu na Bazaga da kewaye, darasinmu na yau a kan yaran da suka zama iyaye ne.

Binciken da gwamnati ta yi a 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin mata 100, wajen 76 an yi musu aure kafin su kai shekara 18. A ƙauyukanmu na Ƙonni, Malbaza da Illela kowa ya san irin wannan aure.

Mu ɗauki misali

Ga ƴan mata biyu, kowace shekararta 15, kowace tana da cikin fari.

Ta farko a gidan mai hali take. Rumbu cike yake. Akwai babur a gida. Ta yi lakkol, ta iya karanta takardar likita.

Ta biyu a tunga take, nesa da hanya. Mijinta yaro ne, ba shi da gonar kansa. Bayan girbi ya tafi cirani Nijeriya. Ita ce ke daka, ita ce ke ɗebo ruwa, ita ce ke cin abinci a ƙarshe. Kunyar cikin fari ta hana ta magana. Ba ta fita sai da izini, kuma mai ba da izinin ba ya nan.

Idan naƙuda ta zo da gardama, wace za ta riga isa gidan likita? Kun san amsa. Ciwon iri ɗaya ne, amma rashi da nisa da rashin bakin magana sun bambanta su.

Me ke faruwa ga jikinta?

Ƙugun yarinya bai gama girma ba. Kan jariri yana iya kasa wucewa. Idan naƙuda ta daɗe, jariri yana iya mutuwa, uwa kuma ta samu yoyon fitsari. Wannan ciwo yana warkewa da aikin likita. A Tawa, a gidan likitan uwa da ɗa, ana yin aikin.

Rashin abinci mai kyau yana kawo ƙarancin jini. Jariri ya zo ƙarami, tamowa ta kama shi da wuri.

Me gwamnati ta tanada?

Tun 2005 aikin fiɗa don fitar da jariri kyauta ne. Tun 2006 awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. A 2017 an yi doka don a kare karatun ƴan mata. Amma doka ba ta biyan kuɗin mota. Wannan aikinmu ne.

Me za mu yi?

1. Maigida, kafin ka tafi cirani, ka ba da izini a gaban iyayenka, ka bar kuɗin hanya.
2. Uwar miji, ki rage mata daka da ɗibar ruwa. Ki ba ta wake, zogale, gyaɗa da nono.
3. A kai ta awo da wuri, aƙalla sau 4. Ta sha maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro.
4. Idan an ga jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce yini guda, a tafi nan take.
5. Mata su buɗe asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Maraɗi a 1991, su ware kuɗin haihuwa.
6. Maigari da jama'a su tsai da amalanke ko mota ɗaya da za a kira ko da tsakar dare.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗiyar talaka ɗiyar gari ce.

Tambayoyi

1. Me ya hana yarinya ta biyu zuwa gidan likita da wuri?
2. Rubuta alamu 3 na haɗari ga mai ciki.
3. A garinku, wa za a tada idan naƙuda ta yi gardama da dare? Ku tattauna da malaminku, ku rubuta sunansa a allo.