Yadda Ake Rufe Bayan Hoto Kafin a Gina Siffa a Kwamfuta

'Yan uwana ɗalibai, kun san ana iya ɗaukar tulu hotuna kamar 60 ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa wadda za a riƙa jujjuyawa a allo? Sunan wannan fasaha fotogirametiri. Gidajen tarihi na amfani da ita don adana kamannin kayan da ka iya fashewa.

Kwamfuta tana neman tabo iri ɗaya ne a hotuna daban-daban. To, idan aka ɗora tulun a kan faifai mai juyawa, shi yana zagayawa, bango kuwa yana tsaye. Sai ta rikice, siffar ta fito a karkace. Shi ya sa ake rufe bayan: wurin tulu fari, saura baƙi.

Bin hotuna ɗaya bayan ɗaya sai ya cinye yini. Dabarar ita ce a kafa kyamara, a ɗauke tulun, a ɗauki hoton wurin ba komai. Manhaja irin Metashape takan gwada dukkan hotunan da wannan, ta rufe abin da bai canza ba, gaba ɗaya. Amma fa kada kyamara ta motsa, kada haske ya sauya. Kuma jan tulu ba a shimfiɗa masa jan ƙyalle a baya.